Daga Tukunyar Burukutu Zuwa Gorar Kunu

 Yau tarihin giya zan ɗan taɓo, ba don tallata ta ba, haramcinta sananne ne. Akwai darasin da ya shafi kunun da matanmu ke sayarwa.

Tun kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804 ana dafa giyar dawa a ƙasar Hausa, kuma Maguzawa sun ci gaba da yin ta bayansa. Mata ne masu sana'ar. A jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa. Idan an bar ta da kauri, burukutu ke nan. Idan an bari ta kwanta an tace ruwan sama, ita ce fito. Sirrin yana gindin tukunya: abin da ya kwanta ba a zubar da shi duka, ana ajiye kaɗan a zuba wa sabon dahuwa ya zama iri. Wannan shi ne yis, kuma a 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙwayoyi masu rai ne ke wannan aiki.

Burukutu ba ta jure kwalba, don tana ci gaba da tashi, kwana kaɗan ta yi tsami. Shi ya sa a ƙwarya ake shan ta, kusa da inda aka dafa. Ta kwalba baƙuwa ce. Turawan mulki sun hana sayar wa 'yan Arewa barasar waje, amma jirgin ƙasa da ya iso Nguru wajen 1930 ya kawo baƙi da al'adunsu. A 1949 aka fara ɗura Star a Ikko, a 1963 aka buɗe kamfani a Kaduna. Ita ana tace ta tas, a dumama kwalbar don yis ya mutu. Daga shekarar 2000, da Yobe ta rungumi shari'a, doka ta hana cinikin giya.

To ina darasin? Dabarar ajiye iri tana nan a gidajenmu ta hanyar halal: da ragowar nonon jiya Bafillatana ke kafa na yau. Amma kunun zaƙi ma hatsi ne da sukari, wani har da tsiro. Idan aka ɗura shi a gorar da ba a wanke sosai ba, ragowar jiya ta zama iri ke nan. Ga zafin Gashuwa, ga ƙarancin wuta. Gora ta kumbura, ka buɗe ka ji tsit da kumfa, to kunu ya kama hanyar da ba mu so.

Don haka iyayenmu mata, a wanke gora da ruwan zafi, a dama daidai na yini, kada na jiya ya haɗu da na yau. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci da sha, amin.