Bushiya: Annobar da Ta Haɗa Garke da Daji

Tsofaffin makiyaya a ƙasar Hausa suna da wata shekara da suke kira shekarar Sannu. Wannan suna ya samo asali ne daga annobar bushiya da ta auko wa shanu wajen 1890 zuwa 1891, lokacin da Bafillace zai kwana da garke ya wayi gari da sanda kaɗai, har ya zama ba abin da ake iya ce masa sai sannu. Galibi a nan labarin ke tsaya mana, wato a kan asarar makiyayi. To, amma akwai rabin labarin da ya faru a cikin daji.

Cutar ta shigo Afirka a 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Massawa, cikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Kafin shekara goma ta kai har Afirka ta Kudu, kuma a wurare da dama cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ke tsira. Ba ta bar ɓauna ba, ba ta bar raƙumin dawa da mugun dawa ba. Da masu cin ciyawa suka ƙare, sai makiyaya da dama ta koma sarƙaƙiya, ƙudan tsando ya sami mazauni, sammore da ciwon barci suka biyo baya.

Yaƙi da wannan cuta ya daɗe yana tafe da ilimin likitan dabbobi. Ɓarnarta na cikin dalilan buɗe makarantar farko ta wannan fanni a birnin Liyon na Faransa a 1762. A nan gida kuma, cibiyar bincike ta Vom da aka kafa a 1924 da aikin bushiya ta soma. Daga baya wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya haɗa allurar rigakafi mai inganci a Kenya, sannan a 1962 aka ƙaddamar da gangamin yi wa shanu allura a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru.

Abin mamakin ya faru ne a dajin Serengeti na Tanzaniya. A can akwai wata dabba mai ƙirar sa da gemu, wadda mutanen ƙasar ke kira nyumbu. An daɗe ana zargin namun daji da cewa su ke ɓoye cutar suna shafa wa shanu. Da aka yi wa shanun da ke kewayen dajin allura, sai cutar ta ɓace daga jikin nyumbu, alhali ba wanda ya taɓa su da allura. Ashe shanu ne matattarar. Yawan nyumbu ya tashi daga kimanin 250,000 a farkon shekarun 1960 zuwa fiye da miliyan ɗaya a 1977. Da suka yawaita sai suka cinye ciyawar da gobara ke ci, gobarar daji ta ragu, itatuwa suka sami damar tasowa. Allurar da aka yi wa saniya a bakin ƙauye ta sāke kamannin daji guda.

Mu kuwa sakaci ya sa mun sake ɗanɗana kuɗarmu, domin da aka sassauta rigakafi, bushiya ta dawo Nijeriya a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna mai yawa. Wurin ƙarshe da aka tabbatar da ita a duniya shi ne jikin ɓauna a gandun dajin Meru na Kenya a 2001. A 2011 aka yi shelar kawar da ita baki ɗaya, cuta ta biyu bayan agana.

Irin wannan tarihi ne ya sa likitan dabbobin da ke zurfafa karatu a fannin namun daji ba ya tsayawa kan dabba ɗaya. Sai ya dubi mashaya, da burtali, da ciyawa, da mutumin da ke kiwo. Duk inda saniya da ɓauna ke shan ruwan tafki ɗaya, ko a Yankari ko a bakin tafkin Chadi, ciwon ɗaya ciwon ɗayar ne. Dama Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.