Ƙyanda a Bakin Komadugu

Na tashi a Diffa zamanin da uwa ba ta sakin jiki da ɗanta sai ƙyanda ta zo ta wuce. Kakata takan killace mai ciwon a ɗaki, ba wanka, ba shan iska, sai kunu. Ƙurajen ba su cika damunta ba. Abin da ke biyo baya take tsoro: gudawa, tari, lalacewar ido, wani sa'in zazzaɓi ya dawo da jijjiga.

Masana sun daɗe kafin su cim ma abin da kakata ta sani. A 2019 wani bincike kan yaran Holan marasa riga-kafi ya nuna ƙyanda na share kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na sinadaran kariyar da jini ya tara. Jijjigar kuwa, a kusan yaro 1 cikin 1000, garkuwar jikin ce ke juyowa ta kumbura ƙwaƙwalwa. Makamancin haka likitocin Landan suka gani a Afrilun 2020, yara da kumburin zuciya makonni bayan korona.

Allurar ƙyanda ta samu tun 1963. Bayan harin Boko Haram kan Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, mutanen kwarin Komadugu suka bar gonakin tattasai, suka cunkushe a bakin kwalta da sansanin Sayam Forage, inda aka riƙa tara yara ana yi musu allurar.