Shaida Ba Tazkiyya: Nazarin Tsarin Kai Ƙara da Auna Mutuncin 'Yan Wasan Intanet, Bisa Misalin Matasan Hindawiyya ta Jidda

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin hanyoyin da kamfanonin wasannin intanet suke bi wajen karɓar ƙara a kan ɗan wasa da auna mutuncinsa, tana gwama su da ƙa'idojin shaida na fiƙihun Malikiyya da na ilmin jarhi da ta'adili, sa'an nan tana duba yadda al'amarin ya shafi zuriyar Hausawan Hindawiyya. Abin da ta tsaya a kai shi ne, galibin waɗannan tsare-tsare sun ɗauki yawan masu ƙara a madadin adalcinsu.

Gabatarwa

Hindawiyya, wadda take kudu da tsohon garin Jidda, tana daga cikin unguwannin da jikokin alhazan ƙasar Hausa suka daɗe da zama, waɗanda kakanninsu suka keto Chadi da Sudan da ƙafa, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, sa'an nan zama ya kama su a Hijaz. A irin wannan unguwa mutuncin mutum abu ne sananne, domin liman ya san mai halartar sahu, maƙwabci ya san mai riƙon amana, umda kuwa, wato mai unguwa, shi ke ba da takardar shaidar cewa ya san wane. Da rusau ɗin tsofaffin unguwannin Jidda, wanda aka soma a ƙarshen 2021, ya iso Hindawiyya da Sabil da Karantina da Gulail, sai iyalai da yawa suka watsu, ya zamana samarin da suka tashi a lungu guda, suna cuɗa Larabcin Hijaz da Hausar gida, yanzu ɗaya daga cikin wuraren haɗuwarsu shi ne filin PUBG Mobile da makamantansa, inda ba liman ba umda, sai lamba.

Yadda tsarin yake

A PUBG Mobile ɗan wasa yana da makin ladabi da ya kai 100. In ya harbe abokin tafiyarsa ko aka kama shi da ashar sai a zaftare, in kuwa makin ya faɗo ƙasa da 60 sai a hana shi shiga wasan ƙungiya, ya koma yi shi kaɗai har ya farfaɗo. Kai ƙarar ba ta da wuya ko kaɗan: wasa na ƙarewa mutum zai taɓa sunan wanda ya ɓata masa rai, ya zaɓi laifi daga jerin da aka tanada, maguɗi ne ko zagi ko kisan abokin tafiya, ya aika, alhali zuciyarsa ba ta huce daga zafin kaye ba.

Kamfanin Riot Games ya taɓa gwada wata hanya a 2011, sa'ad da ya kafa wa League of Legends majalisar da ya kira Tribunal, inda ake nuna wa 'yan wasa rubutattun maganganun wanda ake tuhuma, su zaɓi hukunci ko afuwa. Sai dai da yake da farko ana saka wa wanda ra'ayinsa ya dace da na masu rinjaye, alƙalin ya koyi hasashen abin da jama'a za su ce maimakon binciken abin da ya faru, aka kuwa dakatar da majalisar a 2014. Kamfanin Valve ya fi kusa da hanyar malamai a tsarin Overwatch da ya shigar cikin Counter-Strike a 2013, domin a lokacin ana ɓoye sunan wanda ake zargi, ƙwararru su kalli maimaicin wasan, kuma nauyin ƙuri'ar kowannensu yana hawa ko sauka gwargwadon dacewar hukuncinsa na baya. Amma kamfanin nan dai shi ne ya fito da ma'aunin Trust Factor a 2017, ya ƙi bayyana abubuwan da yake aunawa, don kada masu maguɗi su gano kansa.

Mizanin malamai

Masu ilmin hadisi, tun zamanin Ibn Abi Hatim ar-Razi wanda ya rasu a 327 bayan Hijira, sun sha fama da wannan mas'ala, ta yadda za a karɓi maganar mutum a kan wani mutum wanda ba ya nan, kuma mafi yawansu sun tafi a kan cewa ba a karɓar suka sai an fayyace dalilinta, har suka yi taka-tsantsan da sukar da tsara yake yi wa tsaransa saboda abin da hassada da gasa suke haifarwa. Fuƙaha'un Malikiyya kuma, kamar yadda duk wanda ya sauke Risala ko Tuhfatul Hukkami a zaure ya sani, ba sa karɓar shaidar abokin gaba a kan abokin gabarsa, kuma sun shar'anta a yi wa shaidu tazkiyya, a kuma ba wanda ake ƙara damar kore abin da aka shaida a kansa. In aka ɗora maɓallin ƙara a wannan mizani, sai a tarar mai ƙarar sau da yawa shi ne wanda aka kayar yanzun nan, ba wanda ya tsarkake shi, wanda ake ƙara kuwa sai dai ya wayi gari ya ga hukunci.

Ba a ce kamfanonin ba su da uzuri ba, domin ba alƙalin da zai iya zaunar da miliyoyin ƙararraki, shi ya sa suka koma ga na'ura. A nan ne kuwa ɗan Hindawiyya yake shiga tsaka mai wuya. Kamfanin gasar wasanni na FACEIT ya ɗora na'urarsa mai farautar zagi, Minerva, a 2019 bisa fasahar Perspective ta Google, wadda take jin Larabci amma ba ta jin Hausa. ToxMod, mai sauraren murya a Call of Duty, da Turanci ya fara aiki a 2023. Saboda haka yaron da aka goranta wa launin fata ko asali da habaicin unguwa, wanda ba ashar ba ne a ƙamus, yana iya rasa mai jin kukansa, in kuwa ya rama da zagi tsirara, ko uku suka haɗa baki a kansa don sun ji yana yi wa ɗan'uwansa Hausa, to nasa laifin ne yake bayyananne, nasu kuwa ɓoyayye.

Abin da ya kamata

Gyaran ba gagara-badau ba ne, tunda an riga an ga ɓangarorinsa a warwatse: Xbox ya fito da tsarin gargaɗi takwas a 2023, wanda yake nuna wa mutum tarihin laifuffukansa tare da ƙofar ɗaukaka ƙara, Valve kuma ya nuna ana iya auna mai shaida kafin a auna shaidarsa. Abin da ya rage shi ne masu duba ƙara waɗanda suka san harsunan masu wasan, kuma wannan ba ya da nisa da Jidda kamar yadda ake zato, domin tun 2022 kamfanin Savvy Games Group, mallakar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, ya sayi kamfanonin gasar wasanni ESL da FACEIT a kan dala biliyan 1.5, ga kuwa masu jin Hausa da Larabcin Hijaz gaba ɗaya nan birjik a Jidda da Makka da Madina.