Lokacin Da Aiki Ke Neman Mai Digiri

Wata baiwar Allah ta tare ni a wajen biki ta ce, "Wai ku marubuta, me ya sa jaruminku ke gama jami'a a shafi na goma, a na sha ɗaya sai ga shi da ofis da mota?" Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, don ƙanina zai ƙare digiri bana, kuma tun yanzu barci ya ƙaurace masa.

Ba ƙarya muka ƙaga ba, tsohon zance muke maimaitawa. A 1962 da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, jami'o'in ƙasar nan duka biyar ne. Turawa suna tafiya suna barin kujeru, gwamnatin Sardauna kuma ta dage sai 'yan Arewa sun hau na Arewa. Da Gowon ya yi jihohi 12 a 1967, kowace sai da ta nemi nata ma'aikatan. Kawuna, wanda ya gama a wancan zamani, ya ce har Samaru ake bin su da tayin aiki tun ba su zana jarrabawar ƙarshe ba. Shi takarda uku ya riƙe yana ruwan ido, daga baya ya zaɓi mai gidan gwamnati da rancen mota.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da aka kawo bautar ƙasa a 1973, ɗalibai zanga-zanga suka yi. Gani suke za a ɓata musu shekara guda alhali albashi yana jiransu! Yau kuwa ɗan bautar ƙasa fargabar ranar cire kaki yake yi, don daga ranar alawus ya yanke.

Al'amari ya fara juyawa da man fetur ya faɗi. Shagari ya tsuke bakin aljihu a 1982, aka yi korar ma'aikata a 1984, sai ga SAP ɗin Babangida a 1986. Jami'o'i suka yi ta ƙaruwa, masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai suka yi ta rufewa. Ranar 15 ga Maris 2014, dubun dubatar matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga aikin shige da fice, kowa ya biya naira 1,000, guraben ko 5,000 ba su kai ba. Sama da mutum goma suka rasu a turmutsutsu, Allah ya jiƙansu.

Ƙanina dai da safe yana lacca, da yamma yana koyon gyaran waya a Farm Centre. Kawu ya ji labari ya yi ta faɗa, wai an zubar da mutuncin digiri. Yaron ya durƙusa ya ce, "Kawu, cikin takardu ukun nan, ko akwai wadda ta rage?"