Kimiyyar Zuciya: Ilimin Juyar da Ma'adinai da Tarbiyyar Rai a Tarihin Kudancin Katsina

Gabatarwa

Kalmar kimiyya, wadda a yau Bahaushe ke kiran ilimin zamani da ita, ta samo asali ne daga Larabci, al-kimiya. A wurin magabata tana nufin sana'ar juyar da ƙasƙantattun ma'adinai, irin su dalma da tagulla, su koma zinariya ko azurfa. Daga baya malaman tasawwufi suka ari kalmar, suka ɗora ta a kan aikin gyaran zuciya. Wannan maƙala za ta bi sawun ma'anonin biyu, ta duba yadda suka iso ƙasar Katsina, da abin da suke nufi ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a halin da ake ciki.

Sana'ar da hujjar masu sukarta

Littattafan da ake jingina wa Jabir bin Hayyan sun ginu a kan cewa dukkan ƙarafa 'ya'yan abu biyu ne, zaiba da farar wuta. Idan biyun suka tsarkaka kuma suka daidaita a ma'auni, sai a sami zinariya. Idan gurɓata ta shiga ko ma'auni ya karkata, sai a sami dalma ko baƙin ƙarfe. Bisa wannan fahimta, dalma zinariya ce mai ciwo, aikin masani kuwa shi ne ya nemo maganinta, wanda suka kira al-iksir. Daga wannan nema aka gaji dabarun tacewa da narkarwa da turarawa da ɗakunan gwaji suke amfani da su har yau.

Manyan malamai da dama ba su yarda da wannan da'awa ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce iyakar abin da mai sana'ar zai iya shi ne rina ƙarfe ya yi kama da zinariya, amma asalinsa yana nan. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe mata babi a Muƙaddima, ya nuna cewa galibin masu binta mutane ne da suka gaza neman abinci ta hanyar noma da fatauci da sana'a, suna son dukiya a dare ɗaya. Wasu masu tafsiri sun ce ilimin da Ƙaruna ya yi alfahari da shi a Suratul Ƙasas shi ne wannan sana'a, Ibn Kasir kuwa ya raunana wannan magana.

Yadda Imam Gazali ya juya ma'anar

Imam Abu Hamid al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya taƙaita Ihya'u Ulumid Din cikin harshen Farisa, ya sa wa littafin suna Kimiya'us Sa'ada. Manufarsa a fili take: ɗan Adam ne ma'adinin, ɗabi'unsa na dabbanci su ne dattin, mujahada ita ce wutar, ilimin da annabawa suka zo da shi kuma shi ne al-iksir. Ya fara da sanin kai, da sanin Allah, da sanin duniya, da sanin lahira, sannan ya bi da ibada, da mu'amala, da halaye masu halakarwa, da masu tserarwa.

Wannan kwatanci yana da tushe a nassi. Aya ta 17 ta Suratur Ra'ad ta buga misali da kumfar da ke tasowa idan aka narka ƙarfe don yin ado ko kayan aiki, kumfar ta tafi, mai amfani ya zauna. Hadisi ingantacce ya kwatanta mutane da ma'adinan zinariya da azurfa. Matakan rai da Alƙur'ani ya ambata, mai umarni da mugun aiki, mai zargin kansa, da mai natsuwa, su ne matakan tacewar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera, ya ga yadda ake zuga wuta har tama ta rabu da kashinta, ba ya bukatar dogon sharhi.

Katsina da ilimin asirai

Ƙasar da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke a yau tana cikin yankin tsofaffin garuruwa irin su Pauwa da Birnin Kogo da Maska da Gozaki, waɗanda Yusufu Bala Usman ya yi nazarinsu a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981. A yammacinsu 'Yandoto take, wadda yanzu ke ƙaramar hukumar Tsafe ta Jihar Zamfara, amma a da tana ƙarƙashin Katsina, kuma ta yi suna da malamai da ɗalibai.

Shaida mafi ƙarfi a kan zurfin malaman Katsina a ilimin asirai ita ce rayuwar Muhammadu bin Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya yi karatu a wurin malamai irin su Muhammadu al-Wali na Bagirmi, ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar, wanda ya kawo tarihinsa a Aja'ibul Asar. Ya wallafa Bahjatul Afaƙ a kan ilimin haruffa da hatimai, da Ad-Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Hatiman da ya yi bayani, waɗanda jimillar lambobinsu ke daidaita ta kowace fuska, masana tarihin lissafi suna nazarinsu har yanzu. Waɗannan fannoni 'yan ɗaki ɗaya ne da al-kimiya, domin dukkansu sun dogara ga tunanin cewa halitta tana da ɓoyayyen ma'auni, wanda ya gano shi zai iya sarrafa ta.

A nan haɗarin yake. Ilimin da ke hannun masani mai tsoron Allah yakan zama lissafi da tunani a kan hikimar Mahalicci. Idan ya faɗa hannun mai kwaɗayi sai ya koma tsibbu da cin dukiyar jahilai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke cin abinci da duba da da'awar sanin gaibu, a Ihya'us Sunna da wasu littattafansa. Shi da ƙanensa Abdullahi sun bi tafarkin Gazali, suka sanya sanin cututtukan zuciya, wato girman kai da hassada da riya da jiji da kai, cikin abin da ya wajaba kowane baligi ya koya. Nana Asma'u ta isar da wannan darasi ga mata ta hanyar waƙoƙi da tsarin 'yantaru. Lokacin da jihadi ya iso kudancin Katsina, mafi yawan malaman 'Yandoto ba su bi Shehu ba, rundunar Muhammadu Bello ta ci garin a tsakanin 1805 da 1806, malamansa suka watse. Tun daga nan, ma'anar da ta rinjaya a zaurukan karatun yankin ita ce ta Gazali.

Zinariyar yau

Ƙasar da ta taso daga Zamfara ta gangara Birnin Gwari, maƙwabciyar Sabuwa, tana ɗauke da zinariya ta gaske. Masu haƙarta suna kama ƙurarta da zaiba, su ƙona, zaibar ta tashi hayaƙi, su shaƙa. A 2010 gubar dalmar da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Zaiba da dalma da zinariya, kayan aikin Jabir ke nan, sun haɗu a tsakar gidan talaka. A Disamba 2020 kuma 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Musabbaban wannan fitina suna da yawa, daga rikicin filaye zuwa raunin hukuma da rashin adalci, amma son dukiya ba tare da gumi ba, wanda Ibn Khaldun ya gano a zukatan masu neman al-iksir, yana daga cikin itacen da ke rura ta.

Kammalawa

Tarihin nan ya bar wa ɗalibin ilimi aiki biyu. Na farko, a nemo rubutattun littattafan da suka rage a gidajen malaman Pauwa da Kogo da zuriyar mutanen 'Yandoto, a adana su, a karanta su da idon basira kafin gara da gudun hijira su cinye su. Na biyu, a mayar da babin cututtukan zuciya matsayinsa a makarantun Islamiyya da na allo, a koyar da shi da muhimmancin da ake ba tsarki da salla, domin yaron da bai koyi wadar zuci a gaban malami ba, daji na jiran ya koya masa wani darasin. Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya mayar da aminci ga wannan ƙasa.