Daren da na'urar insulin ta tsaya

1/ Hutun Sallar da ya wuce 'yar kawuna ta zo mana daga Ingila. Ciwon suga nau'i na 1 gare ta, na'urar da ke manne a cikinta ce ke ba ta insulin. Tsakar dare ta tsaya cak, suga ya haura. Allurar da mamanta ta ajiye a firij ce ta riƙe ta har muka isa asibiti. Tun daga ranar nake bin tarihin abin nan. Ku biyo ni 🧵

2/ A 1921 Banting da Best suka ciro insulin a Toronto. Janairun 1922 aka fara yi wa Leonard Thompson. Amma wancan insulin ɗin ba ya jimawa a jiki, dole sai allura sau da yawa a rana.

3/ A 1936 Hagedorn na Denmak ya gauraya shi da furotin ɗin kifi don ya riƙa narkewa a hankali. Daga nan aka samu NPH a 1946, sai Lantus a 2000, mai kai wa kusan awa 24.

4/ Na'ura kuwa, ta farko da Arnold Kadish ya ƙera a farkon shekarun 1960 goya ta ake yi kamar jaka. A 2016 Amurka ta amince da MiniMed 670G, wadda ke duba suga ta daidaita insulin da kanta.

5/ To ga inda gizo ke saƙar. Na'ura ba ta amfani da mai dogon zango, mai saurin aiki kaɗai take ɗigawa. Da ta tsaya, cikin 'yan awanni jiki ya rasa insulin, ya koma ƙona kitse, keton ya taru, jini ya yi tsami. Wannan na iya kisa.

6/ Shi ya sa likitoci ke cewa a ajiye allura iri biyu, mai dogon zango da mai sauri, da abin gwada keton, da takarda ɗauke da adadin da likita ya tsara tun kafin matsala. Kar a yi kintace.

7/ Mamanta a cikin fasfo take ajiye takardar. In da mai na'ura a gidanku, ku tambaye shi yau: ina taka take?