Kujera a Paris, Ƙuri'a a Hannun Sarakuna: Zaɓen Majalisar Dattawa na 1952 da Siyasar Gabashin Nijar

Tun daga ranar samun mulkin kai har yau, Nijar ba ta taɓa zama da majalisar dattawa tata ta kanta ba. Saboda haka mai karatu zai iya mamaki idan aka ce masa ƙasar nan ta yi sanatoci, an kuma yi zaɓensu fiye da sau ɗaya. Sai dai kujerunsu ba a Yamai suke ba, a fadar Luxembourg ta birnin Paris suke. Zaɓen da aka yi musu a 1952 yana cikin abubuwan da suka karkatar da ma'aunin jam'iyyu a ƙasar, kuma ba za a gane shi ba sai an dubi abin da ke cin zuciyar mutanen Damagaram a lokacin.

Tsarin mulkin Faransa na watan Oktoba 1946 ya kafa majalisu biyu. Ta ƙasa ita ce ta wakilan jama'a, ta sama kuwa aka sa mata suna Conseil de la République. A wannan shekara ce dokar Houphouët-Boigny ta haramta aikin dole, dokar Lamine Guèye kuma ta ba mutanen ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka matsayin ƴan ƙasa. Nijar ta sami kujeru biyu a majalisar sama. Amma talaka ba ya jefa ƙuri'a a wannan zaɓe. Ƴan majalisar yanki, wato Conseil général, su ke zaɓe, su ma a rukuni biyu: na farko na Nasara da ƴan tsirarun da ke bin dokar zaman Faransa, na biyu na sauran ƴan ƙasa. A majalisar 1946 rukunin farko yana da kujeru 10, na biyu 20. Kowane rukuni da sanatansa. Ke nan ƴan Faransa kaɗan da ke aikin gwamnati ko kasuwanci suna da murya daidai da ta dukkan manoma da makiyayan ƙasar.

Jam'iyyar farko, PPN, an kafa ta a Yamai a watan Mayu 1946, kuma ta zama reshen RDA a 1947. Mafi yawan jagororinta malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis daga yammacin ƙasar, irin su Hamani Diori da Boubou Hama da Djibo Bakary. Diori ya sami kujerar majalisar ƙasa a 1946, Djibrilla Maïga kuma ya shiga majalisar sama a 1947. Abin da ya tsaya wa gwamna Jean Toby a maƙogwaro shi ne ƙawancen da RDA ta ƙulla da ƴan kwaminis a Paris, a daidai lokacin da yaƙin cacar baka ke kunno kai.

A gabas kuwa damuwar daban ce. Damagaram ta ga abubuwa a cikin rabin ƙarni. A 1899 Nasara suka ci birnin, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa. A 1906 suka tuɓe Amadu ɗan Bassa, sarautar ba ta dawo yadda take ba sai 1923. A 1926 aka ɗauke hedkwatar ƙasa daga Zinder aka kai Yamai, tazarar kusan kilomita 900. Gujiyar da ke kawo wa ƙasa kuɗi a ƙasashen Damagaram da Maraɗi ake noma ta, amma manyan ofisoshi da mafi yawan masu ilimin boko suna bakin kogi. Ga sarakuna da attajirai na gabas, PPN jam'iyyar mutanen yamma ce, wadda kuma ba ta ɓoye cewa tana son rage ikon masu rawani ba. Wannan ya sa aka fara kafa wata ƙaramar jam'iyya ta gabashin Nijar, PINE, kafin a 1948 a haɗu a Maraɗi a kafa UNIS da goyon bayan gwamna da sarakuna. A wannan shekara Georges Condat ya ci kujera ta biyu da aka ƙara wa Nijar a majalisar ƙasa.

A Faransa ma 1948 shekarar juyi ce. Dokar watan Satumba ta mai da zaɓen majalisar sama hannun wakilan ƙananan hukumomi, inda ƙauyuka suka fi birane nauyi. Da aka yi zaɓe a watan Nuwamba, ƴan kwaminis suka rasa mafi yawan kujerunsu, jam'iyyar RPF ta Janar de Gaulle da masu matsakaicin ra'ayi suka yi sama. Daga nan ne ƴan majalisar suka koma amsa sunan sanata, a ƙarƙashin shugabancin Gaston Monnerville, baƙar fata ɗan Guyane. Kujerun Nijar biyu suka koma hannun Gaston Fourrier daga rukunin Nasara da likita Oumar Ba daga rukuni na biyu. Darasin da masu mulki suka ɗauka a fili yake: wanda ya zaɓi masu zaɓe, ya gama zaɓe.

Sai abubuwa suka bi juna. A watan Oktoba 1950 Houphouët-Boigny ya raba RDA da ƴan kwaminis. Diori ya bi shi, Djibo Bakary ya ƙi, gidan PPN ya tsage. A zaɓen watan Yuni 1951 UNIS ta kwashe kujerun majalisar ƙasa biyu, Condat da Zodi Ikhia suka tafi Paris, Diori ya koma aji yana koyarwa. Ranar 30 ga Maris 1952 aka sabunta majalisar yanki, wadda ta kai kujeru 50, wato 15 na rukunin farko da 35 na na biyu. UNIS ta cinye kusan dukkan 35 ɗin. Ba abin mamaki ba ne, domin a yawancin karkara hakimi ko dagaci ke tara jama'a, kumandan kuma yana kallo, takardar da aka nuna wa mutum ita yake sakawa a akwati.

Saboda haka lokacin da aka zo zaɓen sanatoci a watan Mayu 1952, an riga an yanka ta tashi. Fourrier ya riƙe kujerarsa, ta rukuni na biyu kuma ta koma ga Yacouba Sido na UNIS, haifaffen Maine-Soroa a can ƙasar Manga. Da wannan zaɓe PPN ta wayi gari ba ta da ko mutum ɗaya a majalisun dokokin Faransa biyu. Gabas ta sami ɗanta a fadar Luxembourg, jam'iyyar sarakuna ta haɗa majalisar yanki da ta ƙasa da ta sama a hannu ɗaya.

Me kujerar ta tsinana? Ta fuskar doka ƙarfinta kaɗan ne, domin har gyaran watan Disamba 1954 majalisar sama shawara kawai take bayarwa, ta ƙasa ke da maganar ƙarshe. Amma sanata yana iya ganin ministan ƙasashen ƙetare ba tare da ya bi ta ofishin gwamna ba, a lokacin da ake rabon kuɗin asusun FIDES na gina hanyoyi da makarantu da asibitoci. Ga yankin da ke ganin an mai da shi saniyar ware tun 1926, wannan ƙofa ba ƙarama ba ce.

Sai dai rinjayen bai yi ƙarko ba. Jam'iyyar da tsoron abokin gaba ya haɗa, idan abokin gaban ya faɗi, rabon ganima ke raba ta. A 1953 Condat ya fice ya kafa UPN. Daga baya shi da Issoufou Saidou Djermakoye suka haɗu a BNA. Djibo Bakary kuwa ya kafa UDN a 1954, ya shiga cikin ƴan dako da direbobi da ƙananan ƴan kasuwa da matasan birane, mutanen da zaɓen ƴan majalisa bai taɓa tambayar ra'ayinsu ba. A watan Janairu 1956 Diori ya dawo da kujerarsa. A watan Yuni dokar Defferre ta soke rukuni biyu, ta ba kowane baligi ƙuri'a. UDN da BNA suka dunƙule, aka sami abin da jama'a suka sani da Sawaba, wadda a zaɓen 31 ga Maris 1957 ta ci kujeru 41 cikin 60, PPN ta tsira da 19. Ƙasar Hausa ta gabas da ta tsakiya, wadda ta ɗaga UNIS shekaru biyar kafin nan, ita ce ta ɗaga Sawaba. Sanatan 1952 yana nan a kujerarsa har 1958, domin wa'adinsa shekara shida ne, amma jam'iyyar da ta kai shi ta riga ta zama kufai.

Ko wannan nasara ta Sawaba da ƙafar sarakuna ta tsaya, ta hanyar BNA. Da Djibo ya nemi a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, gwamna Colombani ya janye masa su, "i" ta yi rinjaye, Diori ya hau mulki a watan Disamba, aka haramta Sawaba a 1959. Sau uku cikin shekara goma ma'aunin ya karkata, kuma kowane karo inda masu sarauta suka jingina nan ya yi nauyi.

Maganar majalisar dattawa ta sake tasowa a 2009, lokacin da tsarin mulkin jamhuriya ta shida na Shugaba Mamadou Tandja ya tanadi kafa ta, wasu a zaɓe su ba kai tsaye ba, wasu shugaban ƙasa ya naɗa. Juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 ya zo kafin ta zauna, tsarin mulkin da ya biyo baya kuma ya koma ga majalisa ɗaya.

Ga malamin da ke koyar da tarihin wannan zamani, zaɓen 1952 yana da amfani fiye da sunaye da ranaku. Yana nuna wa ɗalibi cewa kukan gabas na gaskiya ne, amma mai mulkin mallaka ya ari bakinsa ya ci albasa da shi. Yana kuma koya masa tambayar da ta kamata a yi wa kowace majalisa, ta sama ko ta ƙasa, kafin a ƙirga kujerun da kowace jam'iyya ta samu: su wane ne suka jefa ƙuri'ar, kuma wa ya zaɓe su?